Ƙwallo da Lauje a Gadarif

Duk wanda ya taka ƙasar Gadarif a watan Maris ya san yadda laka take idan ta bushe. Baƙar ƙasa ce mai yumɓu. Da damina takan yi danƙo har ta ƙwace wa mutum takalmi, da rani kuma ta tsattsage, ta yi ramukan da hannu zai shige har gwiwa. A kan wannan ƙasa yaran ƙauyukan gabashin Sudan suke buga ƙwallo da la'asar sakaliya. Duwatsu biyu ne raga. Idan ba a samu ta roba ba, sai a cusa tsummoki a tsohuwar safa, a murɗe bakinta, a ɗinke. Mutanen Sudan suna kiran wannan wasa na unguwa dafuri, ba alƙali, ba riga iri ɗaya, kiran sallar magariba ne usur ɗin tashi. Abu na farko da yaro ke koya a irin wannan fili shi ne kada ya faɗi, domin wanda ya faɗi sai ya bar wa ƙasa fatar gwiwarsa.

To, akwai wasan da faɗuwa ita ce rabinsa, wato ƙwallon zari-ruga, wadda ake runguma a ƙirji a sheƙa da gudu, abokin hamayya ya cafko mutum ta ƙugu ya kai shi ƙasa. Abin mamaki shi ne, da za a bi ta kan waɗanda suka mulki Sudan, da wannan wasa ya fi dacewa ya yi saiwa a can fiye da ko'ina a Afirka.

Daga 1899 zuwa 1956, lokacin da Ingila da Masar suke riƙe da ƙasar da sunan haɗin gwiwa, Turawan da suka yi aikin mulki a lardunan Sudan gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba. Akasarinsu daga jami'o'in Oxford da Cambridge aka ɗebo su, kuma masu zaɓen sun fi son saurayi mai ƙirji wanda ya wakilci jami'arsa a tuƙin kwale-kwale ko kurket ko zari-ruga, a kan mai yawan karatu. Ana ba irin waɗannan 'yan wasa lambar girma mai launin shuɗi, har ya zama abin barkwanci a Landan cewa masu shuɗi ne ke mulkin Sudan. Ke nan jami'in da ke zaune a inuwa yana sauraron ƙarar manoma a Gadarif ko Kassala, ba mamaki shekaru biyar kafin nan yana cikin turmutsitsin zari-ruga a filin ciyawa na Ingila. Amma da suka tattara nasu ya nasu a 1956, ƙwallon ƙafa suka bari a baya. Ita ce ta bi sojoji cikin bariki, ta shiga Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902, ta bi ma'aikatan jirgin ƙasa zuwa Atbara, daga can ta bi dogo. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan a 1936. A watan Fabrairun 1957 Khartum ta karɓi gasar cin kofin Afirka ta farko, ƙasashe uku kacal, Masar da Sudan da Habasha, sannan a 1970 Sudan ta doke Ghana da ci ɗaya ba ko ɗaya ta ɗauki kofin a gida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zari-ruga tana son mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, da fili mai taushi, da wanda ya san dokokinta masu yawa kamar na gado. Ƙwallon ƙafa kuwa ko yara shida ne da safa ɗaya, wasa ya tashi. Fili mai taushi yana nufin ciyawa, ciyawa tana nufin ruwa, ruwa kuwa shi ne tsohon ciwon Gadarif. Garin ya daɗe yana dogaro da hafir, wato manyan tafkunan da ake haƙa don tara ruwan sama, da bututun da aka janyo daga Shuwak a bakin kogin Atbara. Har yau mai amalanken jaki da gangar ruwa sananne ne a lungunan garin. Inda ake sayen ruwan sha da kuɗi, ba wanda zai shayar da fili domin samari su yi birgima.

Gadarif kanta kasuwa ce kafin ta zama birni. A ƙarni na 19 ana kiranta Suƙ Abu Sin, da sunan gidan sarautar Larabawan Shukuriyya, mahaɗar fatake masu zuwa Habasha ta Gallabat da masu nufar Kassala da Bahar Maliya. A watan Satumbar 1898, 'yan makonni bayan faɗuwar Omdurman, an gwabza a nan tsakanin dakarun Kanar Parsons da mayaƙan Mahadi na Ahmad Fadil. Dogo ya iso a 1928, shekara guda bayan nan ya haɗe da Sinnar. Amma abin da ya sauya ƙasar baki ɗaya shi ne tarakta. A tsakiyar shekarun 1940, da yaƙin duniya na biyu ya sa abinci ya yi wuya, gwamnatin Turawa ta fara noman dawa da inji a Gadambaliya, yamma da garin. Bayan 'yancin kai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suka shigo, aka riƙa yanka musu gandaye na faddan dubu ko dubu da ɗari biyar. A 1968 aka kafa hukumar noman inji da kuɗin Bankin Duniya. Tarayyar Sobiyet ta gina wa garin ƙaton rumbun siminti a shekarun 1960, kasuwar riɗinsa kuma ta zama wadda farashinta ke kaiwa kunnen 'yan kasuwa a ƙasashen Larabawa da Sin.

Sai dai sunan noman inji yana da ɗan ruɗi. Inji yana huɗa, yana shuka. Cirar ciyawa da yankan riɗi da yankan dawa kuwa aikin hannu ne.

Hannayen daga ko'ina suka zo: Darfur, Duwatsun Nuba, kudancin ƙasar, Habasha, da kuma yamma can ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa alhazan ƙasa suke ratsa Sudan, ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan zuwa Sawakin, tafiyar da kan ci shekaru, ana yi ana tsayawa noma don neman guzuri. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai ƙofar ƙwadago ta ƙara faɗi. Daga can zuriyarsu ta bazu gabas, ta kafa ƙauyuka a bakin kogin Rahad da Atbara, ana noman lambu, ana su, ana kiwo, ana karatun allo. Larabawan ƙasar suna haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare su kira su Fallata. Sunan ya shiga tarihin waƙar Sudan ta hanyar A'isha al-Fallatiyya, haifaffiyar Kassala, wadda muryarta ta fita a Rediyon Omdurman tun shekarun 1940.

Kakannin waɗannan mutane sun fito daga ƙasar da ta san yadda ake sasanta wasa da gona. A ƙasar Hausa kokawa da dambe na kaka ne. Sai an kai amfani gida, rumbu ya cika, hantsi ya daina zafi, sannan kalangu ke tashi a dandali, samarin wannan ƙauye su tafi wancan. Ba wanda ke kiran ɗan kokawa ranar da ake noman farko. Ƙwallon ƙafa ba ta san wannan ladabi ba. Tana son atisaye kullum, shekara zagaye, kuma tana son yaron a daidai shekarun da gida ya fara ganin amfanin ƙarfinsa.

A duba yadda yankan riɗi yake. Idan ganyen ya fara rawaya a wajen watan Oktoba, kwanaki ƙalilan manomi yake da su. Ya yi jinkiri, kwanson ya bushe ya buɗe baki, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Saboda haka ake fita tun duhun asuba, wani lokaci har a farin wata, mutum a sunkuye, lauje a dama, hagu tana tattaro kara. Ana ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye kai sama domin su bushe ba tare da sun zubar ba, kuma da yawan tarin da mutum ya tsayar ake biyansa, tarin da suke kira hilla. A waɗannan makonni kuɗin ƙwadago kan tashi, domin kowane mai gandu yana neman hannu a rana ɗaya. Ma'aikatan da ke yawo daga gandu zuwa gandu ana ce musu Jango, kuma marubucin nan ɗan Kassala, Abdul'aziz Baraka Sakin, ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarsu. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya iya yanka yana iya kawo wa gidansu a wata ɗaya abin da ƙwallo ba za ta ba shi a shekara ba. Idan uba ya ce, "Kai, ajiye ƙwallon nan, gobe da asuba gona," ba ƙin wasa yake yi ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Ana gama riɗi dawa ta nuna, ita ma ta ci Disamba da Janairu. Kafin nan, daga Yuli zuwa Satumba, laka ta rufe hanyoyin ƙauye, mota ba ta shiga, balle a kai yara gasa a gari.

A nan ne tarihin zari-ruga yake da abin faɗa wa Gadarif, ko da ba a buga ta a can. Wasan ya samo sunansa daga makarantar 'ya'yan masu hali da ke garin Rugby a Ingila, kuma hukumarsa da aka kafa a 1871 ta ɗauki karɓar kuɗi don wasa a matsayin abin kunya. Wannan doka ba ta damun lauya ko ɗan mai gida. Amma a arewacin Ingila masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa ne ke bugawa, kuma suna aiki ranar Asabar. Wanda ya bar aiki ya tafi fili, an yanke masa kuɗin yini. Wanda ya karye, gidansa ya kwana da yunwa. Kulob-kulob ɗinsu suka nemi izinin biyan ɗan wasa ladan lokacin da ya rasa, manya a Landan suka ƙi. Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilai suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield, kulob 22 suka ɓalle, suka amince a riƙa biyan har sule shida a madadin yinin da ya salwanta. Daga nan wasan ya rabu biyu, ɓangaren manyan kuwa bai yarda da biyan 'yan wasa a fili ba sai 1995, shekara ɗari cif. Tambayar da mai haƙar kwal ya yi a lokacin ita ce ta mai yankan riɗi: wa zai biya yinin?

Yaron da ya tsallake gona kuma, wani abu ne ke jiransa, wato Omdurman. Kulob-kulob ɗinta biyu, Al-Hilal, wadda aka kafa a 1930, da Al-Merrikh da ta ɗauki wannan suna a 1927, sun mamaye ƙwallon Sudan mamayar da ko Kano Pillars da Enyimba ba su taɓa mafarkin yi a Najeriya ba. Tun da aka fara gasar ƙasa a farkon shekarun 1960 har zuwa ɓarkewar yaƙin 2023, sau ɗaya kofin ya bar babban birni, a 1992, lokacin da Hilal ta Port Sudan ta ɗauka. Kafin yaƙin, duk yaron lardi da ƙafarsa ta yi daɗi, hanyarsa ɗaya ce: daga dafuri zuwa gasar matasan unguwanni, daga nan kulob ɗin gari, sannan motar Khartum, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. Kulob ɗin da ya raine shi yakan sami ɗan abin da ya samu, ƙauyen da ya haife shi kuma ya ji sunansa a rediyo. Su ma manyan, da kuɗi ya zauna musu, sai suka riƙa sayo 'yan waje. Masu bin ƙwallo a Najeriya ba za su manta da Endurance Idahor ba, wanda ya faɗi a fili yana buga wa Al-Merrikh a watan Maris 2010, bai tashi ba. Kulob ɗin ne kuma ya doke Bendel United a 1989 ya ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka.

An taɓa gwada gyara wannan da ƙarfin mulki. A 1976 Shugaba Ja'afar Numeiri ya rushe kulob-kulob da sunan mayar da wasa hannun talakawa a unguwanni da larduna. Niyyar a baki tana da daɗin ji. Abin da ya biyo baya shi ne fitattun 'yan wasa suka kama hanyar Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha, inda kuɗin mai ya fara kwarara. Ba a jima ba aka janye dokar, amma tsofaffin masu sharhi a Sudan har yanzu daga nan suke ƙirga koma-bayan ƙwallonsu.

Ga ɗan Bahaushe akwai ƙarin tudu, na takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa suna Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar Burmi a bakin ƙofa, ko da an sassauta shi daga baya. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, jarrabawa da fasfo da aikin gwamnati duk sukan yi masa nisa, rigar ƙasa kuwa ba a maganarta. Zafin wannan batu ya fito fili a Oktoban 2008, lokacin da Hausawa suka fita zanga-zanga a Gadarif da Kassala bayan wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ke shakkar asalinsu, da kuma Yulin 2022 bayan rikicin jihar Shuɗin Nilu.

Ƙasashen da suka shahara a zari-ruga ma ba su warware matsalar ƙauye ba, hanyar ɗauke yaron kawai suka ƙware a kai. Siya Kolisi, wanda ya jagoranci Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya a 2019 da 2023, ya tashi a unguwar talakawa ta Zwide. Yana ɗan shekara 12 aka hango shi a wata gasa, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey mai filayen ciyawa, ya koma kwana can. Makazole Mapimpi kuwa, ɗan ƙauyen Tsholomnqa a lardin Gabashin Kep, bai samu wannan gata ba. Ya daɗe yana fafutuka a ƙananan kulob, bai sa rigar ƙasa ba sai 2018 yana da shekara 27, sannan a wasan ƙarshe na 2019 shi ne ɗan ƙasarsa na farko da ya taɓa dangwala ƙwallo a bayan layi a irin wannan wasa. Ana ba da labarin biyun da alfahari, kuma sun cancanta. Amma ɗaya sai da aka cire shi daga unguwarsu, ɗayan kuma saura ƙiris a rasa shi gaba ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da gida yana Nijar. Tun 1975, lokacin da Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauki takobi a gasar farko a Tawa, ƙasar take shirya kokawar takobi bayan an gama girbi, tana zagaya jihohi, kowane ɗan kokawa yana shiga fili da sunan jiharsa. Da yawansu manoma ne da makiyaya, su kare kambinsu su koma gida. A Sudan kokawar da ta samu dandali mai cika ita ce ta 'yan Nuba, amma ita ma sai da ta yi ƙaura: kafin yaƙin 2023, a unguwar Haj Yusuf ta Khartum ake yinta ranar Juma'a, nesa da duwatsun da suka haife ta.

Duk da haka Gadarif ba ta zauna hannu rabbana ba. Kulob ɗin 'yan sandanta, Al-Shurta, ya hau babbar gasar ƙasa. A 2018 kuma sunan garin ya zaga duniya saboda Al-Ahli ta Gadarif ta damƙa horar da 'yan wasanta maza a hannun wata budurwa 'yar Omdurman, Salma al-Majidi, wadda hukumar FIFA ta amince ita ce mace ta farko a ƙasashen Larabawa da ta horar da kulob ɗin maza. Hotunan da aka yaɗa sun nuna ta da ɗankwali da usur, tana tsaye a fili mai ƙura, babu ko ɗigon kore a bayanta.

Sai yaƙi ya zo ranar 15 ga Afrilu 2023. Birnin Gadarif bai faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati ba, amma da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo gabas, a jihar da tun 2020 take ɗauke da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Um Rakuba. Makarantu suka zama wurin kwana, filayen da babu gini aka kafa musu tantuna. Samarin da a da gona da haƙar zinariya suke rabawa, yanzu an sami mai rabo na uku, wato sansanin horar da masu sa kai. Omdurman da ke janye yaran larduna ita ma ta watse. Al-Hilal da Al-Merrikh suka nemi mafaka a Muritaniya, suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar wata ƙasa, Al-Hilal ta ƙare a saman tebur a Nuwakshot. Ƙungiyar ƙasa, a ƙarƙashin ɗan Ghana Kwesi Appiah, ta sami gurbin gasar Afirka ta 2025 ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba.

A ƙauyukan Rahad da Atbara kuwa damina ba ta tsaya ba. An shuka riɗi a Yuli, ya yi rawaya a Oktoba, kuma a waɗannan makonni duwatsu biyun da ke bakin gari suna nan a ajiye babu mai tsaron raga, sai ƙananan da ba su isa riƙe lauje ba.